Takwas Mai Kwantenar Sanyi

Yatsun hannunsa takwas ne, shi ya sa kowa a kasuwar kifi yake ce masa Takwas. Biyun da babu, fankar wani tsohon firiji ce ta cinye su tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, lokacin da yake koyon gyara. Shi da kansa yakan mayar da abin wasa. In baƙo ya tambaye shi ina sauran, sai ya ce ai ya bar su wurin maigidansa ne ladan koyon sana'a. Matarsa kaɗai ce ba ta kiransa da wannan suna. Baban 'yan mata take ce masa, don 'ya'yansu biyu ne, duka mata.

Aikinsa kula da kwantenar sanyi. Wani kamfani ne yake da su guda shida, manyan akwatunan ƙarfe farare a kan tayoyi, kowace da injin sanyi a goshinta da janareta a gefe. Ɗan kasuwar da kayansa ba sa jure zafi sai ya yi haya, mota ta jawo masa ita har inda yake so. Ta Takwas ita ce lamba biyu, kuma ta fi duk sauran tsufa. Shekara goma sha shida suna tare. Ya bi ta gonar masu tumatir lokacin ɗiba, ya bi ta gidan masu kiwon kaji, sau ɗaya ma har wurin masu allurar rigakafi. Amma yawancin shekarun a bakin kasuwar kifi ta yi su, a jikin katangar gabas inda inuwa take daɗewa.

Da safe in ya zo, ba ya gaisawa da kowa sai ya fara tsayawa gaban injin ya karkata kai ya saurara. Daga ƙarar yake gane ko bel ya saki, ko gas ya yi ƙasa, ko ƙanƙara ta toshe hanyar ruwa. Sannan ya zura wata shirgegiyar rigar sanyi wadda gwiwar hannunta ta sha faci, ya buɗe ƙofa ya shiga. Rana tana dukan mutane a waje, shi yana ciki haƙoransa na haɗuwa. A yini ɗaya yakan shiga ya fita sau hamsin, daga sanyin da yake daskarar da gashin hanci zuwa zafin da yake narkar da kwalta. Abin da ya samu a wannan shige da fice shi ne tari, busasshe, wanda ya zauna masa a ƙirji ya ƙi tafiya.

A cikin masu ajiye kaya wurinsa, wadda suka fi shaƙuwa ita ce wata dattijuwa da ake kira Gwaggo mai kifi. Katan-katan ɗinta jan zare take ɗaura musu don kada su cakuɗe da na wasu. Kullum sai sun yi faɗan wasa.

"Takwas, kifina ya rame a wurinka. Me kake ba shi?"

"Gwaggo, abin da kika bar masa shi yake ci."

Sai ta yi dariya ta dunƙula masa kawunan kifi a leda ya kai gida. Rayuwar ba ta yalwa ba ce, amma tana tafiya. Matarsa tana da firiza a tsakar gida tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ga maƙwabta, 'yan matan suna makaranta, rufin ɗaki ba ya yoyo sai in ruwa ya zo da iska.

Ranar wata Talata da hantsi wani bene mai hawa biyar ya rufta a unguwar masu ɗinki. Shagunan teloli ne cike da shi tun daga ƙasa har sama, kuma lokacin kowa yana kan kekensa. Daga kasuwar kifi an hango ƙurar ta tashi ta tsaya a sama kamar hadari. Kafin yammacin Laraba gawawwakin da aka zaƙulo sun fi ƙarfin ɗakin ajiye gawa na asibiti, wanda mutum goma sha biyu kawai yake ɗauka. Da yawa daga cikinsu baƙi ne da suka zo neman aiki daga nesa, danginsu ba su ma ji labari ba tukuna. Hukuma ta aika wa kamfanin tana neman kwantena ɗaya.

Mai kamfani da kansa ya zo kasuwa, abin da bai saba yi ba. Ya ja Takwas gefe.

"Lamba biyu za ta tafi asibiti. A kwashe kifin a mayar lamba huɗu."

"Magani za a zuba?"

Mai kamfani ya kawar da kai ya dubi tayar kwantenar. "Mutanen benen nan ne."

Takwas ya juya ya dubi ƙofar kwantenar.

"Ba zan tilasta maka ba," in ji mai kamfani. "In ba ka so, sai in tura wani."

"Wa za ka tura, ranka ya daɗe? In ba ni ba, ba za ta yi kwana biyu tana aiki ba. Kai ma ka sani."

Ya biya gida ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Matarsa tana ɗaure ƙullin ruwa a leda lokacin da ya gaya mata. Ta ajiye ledar, ruwan ya malale a siminti.

"Baban 'yan mata, ka yi tunani. Ka san halin mutane."

"Inji zan duba, ba wani abu ba. Kwana biyu ne ko uku."

Kwana goma sha biyu aka yi. An girke kwantenar a bayan asibiti, tsakanin ɗakin wanki da wata tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya da ta daina tashi. Kafintoci suka haɗa kantoci na katako hawa uku a ciki. Likitar da take kula da aikin, wata siririyar mace mai tabarau, ta zo ta tsaya gaban ma'aunin sanyi.

"Nawa kake sa wa kifi?"

"Goma sha takwas ƙasa da sifili."

"Ka ɗaga shi zuwa uku sama da sifili. Kada su daskare. In fuska ta daskare, dangi ba sa gane nasu."

Ya murɗa ya saita. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa tunanin akwai sanyin da ya dace da fuskar mutum ba. Mutum talatin da huɗu aka shigar, kowanne a naɗe cikin farin zane, da lamba a takarda ɗaure a ƙafa.

Ya ce inji kawai zai duba, amma abin bai tsaya nan ba. Ma'aikatan ɗakin gawa biyu ne kacal, kuma aiki ya yi musu yawa. Ga shi sakatar ƙofar lamba biyu tana da wata dabara, sai an ɗaga ta da gwiwa sannan a ja, shi kaɗai ya iya. Saboda haka duk wanda ya zo neman ɗan uwansa, Takwas ne yake buɗe masa. Da farko yakan ce, "Don Allah minti biyu, sanyi yana fita." Daga rana ta uku ya daina faɗa. Sai dai ya tsaya ya riƙe ƙofar a ɗan karkace, idonsa a kan ma'auni, kunnensa yana jin abin da ba shi da yadda zai yi ya toshe.

A rana ta biyar da tsakar rana bel ya tsinke. Babu irinsa a kusa, don an daina yin irin wannan injin tun tuni. Ya hau babur ya zaga shaguna huɗu, ya samo wanda ya fi tsawo, ya dawo ya matsar da mazaunin injin da sifana har bel ɗin ya kama. Garin sauri ya jingina damtsensa da bututu mai zafi, fata ta saluɓe. Likitar ta ɗaure masa da bandeji a tsaye, ta ce ya je ya huta. Ya ce to, ya koma ya zauna kan kujerarsa gaban injin.

Akwai wani tsoho da yake zuwa kowace safiya yana dogara sanda. 'Yarsa yake nema, tela ce a hawa na uku. Yana riƙe da ƙyallen atamfa shuɗi, ragowar wadda ta ɗinka rigar da ta fita da ita ranar. Kullum sai a buɗe masa waɗanda aka kawo sababbi, ya kara ƙyallen, ya girgiza kai, ya yi godiya ya tafi. A rana ta takwas ƙyallen ya dace. Tsohon bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juyo ya dubi Takwas.

"Ɗana, ba a lulluɓe mata ƙafa ba."

Takwas ya saki ƙofar ya shiga ya ja zanen ya rufe ƙafafun. Da za a fitar da ita, ma'aikaci ɗaya ne a wurin, sai ya kama ɗaya gefen gadon suka fito tare. A daidai nan wani daga cikin masu tsaye a bakin shingen asibitin ya ɗauki hoto. Takwas ne a gaba da rigar sanyinsa, hannunsa mai yatsu uku a kan ƙarfen gadon, ga lamba biyu ɓaro-ɓaro a jikin ƙofar bayansa. Kafin yamma hoton ya shiga kowace waya a garin.

A rana ta goma sha biyu hukuma ta ɗauki mutum biyar da suka rage ba wanda ya zo nemansu. Aka ɓalle kantocin aka ƙone. Takwas ya yi kwana uku yana wanke kwantenar da ruwan zafi da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, har tafin hannunsa ya tsattsage. Jami'an lafiya suka zo suka duba, suka ba da takarda mai hatimi. Ya sake mata fenti, ya manna takardar a ƙofa, aka jawo ta aka mayar jikin katangar gabas.

Ya buɗe da safe ya zauna. Har rana ta take tsaka ba wanda ya kawo ko katan ɗaya. Masu kifi suna wucewa da kayansu a baro zuwa wani ɗakin sanyi da ke can ƙarshen titi, suna gaishe shi daga nesa. Kwana huɗu a haka. A na biyar ya tashi ya sami Gwaggo a rumfarta.

"Gwaggo, laifin me na yi?"

Ta ajiye wuƙar da take kankare ɓawon kifi da ita. "Ba ka yi laifi ba. Abin da ka yi, ɗan halak ne kawai zai iya. Kuma ni ban ce tana da datti ba, na san wankinka. Amma ba ni nake cin kifin nan ba, Takwas. Mai saye in ya ji inda ya kwana, ko kyauta na ba shi ba zai karɓa ba. Jikoki shida nake ciyarwa da wannan teburin."

"Ga takardar jami'an lafiya can a ƙofa."

"Takarda ba ta shiga maƙogwaro."

Ta miƙa hannu za ta ɗebar masa kawunan kifi kamar yadda ta saba. Ya ce ta bar shi. Tun dawowarsa daga asibiti ko warin kifi ba ya son ji, kuma bai sake kai shi bakinsa ba.

Mai kamfani ya janye lamba biyu ya kawo lamba biyar, sabuwa dal, ya bar Takwas a kanta. Nan ma ba ta sauya zane ba. Sai a lokacin ya fahimci ba ƙarfen kaɗai ake gudu ba. Wani mai kaji ya gaya wa mai kamfani a fili cewa kwantenar ba ta da aibi, hannun da yake jera kayan ne matsalar. Aka ɗauke Takwas aka mayar da shi harabar kamfani yana wanke tayoyi da cika batir. Abokan aikinsa ba su taɓa gaya masa magana marar daɗi ba. Sai dai in ya sha ruwa a kofi ya ajiye, wanda zai sha bayansa yakan ɗauraye sau biyu, yana yi yana jan hira don kada a lura.

A gida ma abin ya biyo shi. Yaran maƙwabta da suke zuwa sayen ƙanƙara suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wata maƙwabciya ta tambayi matarsa, wai cikin raha, ko maigidan ne yake gyara mata firizar. Ba a yi wata biyu ba ta zare wayar firizar daga bango, ta wanke ta, ta mayar da ita wurin ajiye tukwane. Ba ta yi masa gori ba. Sau ɗaya kawai, tana tsintar shinkafa a tire, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Na dai ce ka yi tunani."

"Kin ce," in ji shi. "Da za a sake, ban san abin da zan yi ba."

Wannan amsar ta fi ba ta haushi fiye da in ya yi musu, don ta san ƙarya yake yi. Ya san abin da zai yi sarai.

Bayan wata biyar likitar nan ta aiko a kira shi. Asibiti ya sayi lamba biyu, tunda ba mai hayarta, za a girke ta ta zama ƙarin ɗakin ajiye gawa. Ana neman mai kula da ita da sauran injinan sanyin wurin. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar uwarsu, ta zo har gida da ta ji labari.

"Yanzu ana cewa tsautsayi ne ya kai ka. In ka karɓi aikin nan, ka zama mai gadin gawa kenan har abada. Ka tuna kana da 'yan mata a gabanka."

"Yaya, ai na riga na zama. Gara in zama ana biyana."

Ya karɓa. Shekara bakwai ya yi a bayan asibitin. Ya iya aikin kamar yadda ya iya na kifi, ko sau ɗaya ma'auni bai haura inda aka ce ba. Ya koyi yadda ake yi wa mutane magana a bakin wannan ƙofar, da lokacin da shiru ya fi. Tarin kuwa ya ci gaba da cinsa har kafaɗunsa suka rankwafa, yana hawa matakala uku sai ya tsaya ya nemi numfashi. Babbar 'yarsa ta yi aure a wani gari mai nisa, inda ta gaya wa dangin mijinta babanta mai gyaran firiji ne a asibiti, ta tsaya a nan. Ƙaramar ita ce mai taurin kai. Ita takan kai masa abinci har bakin kwantenar, ta zauna kan benci su ci tare, kuma da wani malamin makaranta ya fito neman aurenta, ita ta fara gaya masa aikin babanta kafin kowa ya rigaye ta. Malamin ya ce ya ji, ya gani. Danginsa ne dai suka yi ta ƙunƙuni kafin su haƙura.

Ranar bikin an yi taron a wani fili kusa da gida, an kafa rumfuna, an jera fararen kujerun roba. Zafi ake yi mai tsanani. Dangin ango suka yi hayar ƙaramar kwantenar sanyi, irin sababbin nan da ƙaramar mota take ja, aka cika ta da lemo da ruwa da naman da za a dafa wa baƙin yamma. Takwas yana zaune a layin gaba cikin sababbin kaya, yayarsa a gefensa.

Ana tsakiyar cin abinci ya ji ƙarar injin ta sauya. Ba wanda ya lura sai shi. Injin ya tashi, ya yi gurnani, ya mutu. Ya sake tashi, ya sake mutuwa. Direban da ya kawo ta ya buɗe murfi yana leƙe yana sosa ƙeya, ya taɓa nan ya taɓa can, ya koma gefe yana ta kiran waya ba a ɗauka. Takwas ya san ciwon daga inda yake zaune. Ƙura ce ta toshe ragar da iska take bi, injin yana yin zafi yana kashe kansa. Aikin minti biyar ne da burushi.

Ya dafa gwiwa zai miƙe. Yayarsa ta riƙe masa hannun riga.

"Ina za ka?"

"Injin can. Naman zai lalace."

"Zauna." Ta yi maganar ƙasa-ƙasa, tana murmushi ga wasu baƙi da suke wucewa. "In ka taɓa ta, ba wanda zai sha ko kwalba ɗaya daga ciki. Dangin miji suna kallo. Yau ɗaya dai ka rufa wa yarinyar nan asiri."

Ya dubi inda 'yarsa take zaune, tana dariya da ƙawayenta, ba ta san abin da ake ciki ba. Ya dubi matarsa. Ta ji abin da aka ce, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta.

Ya koma ya zauna. Awa biyu yana jin injin yana tashi yana faɗuwa, hannayensa a kan cinya, yana amsa gaisuwar mutane. Lemon da aka raba daga baya ɗumi ne, baƙi suna ta mita. Da masu girki suka buɗe don ɗaukar naman, wari ya buso, aka kwashe rabinsa aka zubar a bayan fili. Wata daga dangin ango ta ce ai kamfanonin nan ba su da amana, kowa ya ce gaskiya ne.

Da taro ya fara watsewa, ana tattara kujeru, Takwas ya taka a hankali ya tsaya nesa da kwantenar kamar taku goma. Ya yafito direban.

"Ka ga ragar can ta ƙasa? Samo burushi ka goge ta. Daga sama zuwa ƙasa, kada ka danna da ƙarfi."

Direban ya yi yadda aka ce. Injin ya tashi ya zauna daram.

"Baba, ashe ka san aikin? Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ban lura ba sai yanzu," in ji Takwas.

Tari ya sarƙe shi, ya dafa sandar rumfa har ya lafa. Matarsa ta zo ta kama gwiwar hannunsa, suka nufi gida. Washegari ya koma aiki. Bai ƙara cika shekara a kai ba likitar ta duba hoton ƙirjinsa ta ce ya isa haka, ya ajiye. Ya miƙa makullai ga wanda aka ɗauka a madadinsa, ya koma gida ya kwanta, kuma bai sake tashi da ƙafafunsa ba.